Baƙuwar kainuwa a kogin Isa: dokar ƙasa guda ba ta tsai da ita

Hausawa suna yi wa kainuwa kirari da dashen Allah, don ba wanda ke shuka ta, sai dai a wayi gari a gan ta bisa tabki. Wannan kirari na kainuwarmu ce ta gado, mai kama da salati. Akwai wata kainuwa baƙuwa, wadda ake kira jacinthe d'eau da Faransanci, ita kuwa dashen mutum ce. Ganyenta kore ne mai sheƙi, ƙarƙashinsa akwai kumburi kamar ƙaramar gora cike da iska, shi ke sa ta yawo bisa ruwa. Furenta shuɗi ne mai ɗigon rawaya, kyakkyawa ƙwarai. Wannan fure shi ne mafarin wahalar.

Asalinta yankin kogin Amazon ne, a Amurka ta Kudu. Can akwai ƙwarin da ke cin ta, ba ta samun sakewa. A shekarar 1884 aka nuna ta wajen baje kolin auduga na birnin New Orleans, a ƙasar Amurka, mutane suka kai ta gidajensu don ado. Kafin ƙarnin ya ƙare ta toshe wa jiragen ruwa hanya a jahar Florida. A Masar ma don ƙawata lambunan manya aka shigo da ita, a ƙarshen ƙarni na 19. Ta mamaye kogin Kongo cikin shekarun 1950, ta bayyana a Farin Nil na Sudan, har gwamnatin ƙasar ta yi mata doka ta musamman a 1960. An gan ta a kudancin Benin a 1977, ta shiga ruwan Legas a 1984. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana a kogin Isa, a Mali da Nijar, ruwa kuma ya gangara da ita tabkin Kainji a Najeriya.

Abin da take yi wa kogi

Kogin Isa yana ratsa ƙasarmu tsawon kilomita 550, daga iyakar Mali har Gaya. Masu zaune a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa suna iya cewa abin ya yi musu nisa, amma shinkafar bakin kogi da busasshen kifinsa suna zuwa kasuwanninsu.

Wannan ciyawa ba ta jiran iri kafin ta yaɗu. Uwa tana miƙa jijiya ta gefe, ɗiya ta fito, ita ma ta miƙa tata. In ruwa ya yi ɗumi, kuma akwai ƙazantar gari da takin gona a cikinsa, filin da ta rufe yana ninkawa cikin mako biyu. Irinta kuma yana kwanciya cikin laka shekara 20 bai mutu ba. Saboda haka wurin da aka share bana yana iya tsirowa baɗi, ko da ba a kawo sabuwa ba.

In ta shimfiɗu, hasken rana ba ya kai ga ƙasan ruwa, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, kifi ya gudu ko ya mutu. Basarke ya jefa taru ya jawo ciyawa. Kwalekwalen fito ya kasa isa gaɓa. Tana cushe bakin injinan ban ruwa na gandayen shinkafa da hukumar ONAHA ke kula da su, tana taruwa inda ake jan ruwan sha. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da cutar tsargiya suna samun maɓoya cikin saiwoyinta. Tana danne burgu, abincin shanun bakin kogi da rani. Kwashe ta aiki ne mai karya baya, domin kusan kashi 95 cikin 100 na nauyinta ruwa ne: matasa su yini suna ja, gobe iska ta kawo wata daga sama.

Hanya biyu take ƙetare iyaka

Ta farko ita ce ruwa. Ɗan duwan na Ayoru ba ya iya tsai da abin da kogi ya ɗauko daga Gawo, na Gaya ma ba ya hana shi wucewa Benin da Najeriya. Tabkin Biktoriya ya nuna haka sarai. Ta kogin Kagera ciyawar ta gangaro daga Ruwanda, aka fara ganinta a tabkin a 1989, zuwa 1998 ta rufe dubban hekta, ta tsai da tashar jiragen Kisumu a Kenya, ta riƙa toshe madatsar lantarki ta Uganda. Ƙasashen da suka fi shan wahala ba su ne suka shigo da ita ba.

Ta biyu ita ce hannun mutum, kuma nan ne doka take da ƙarfi. A 1999 wata ciyawar ruwa mai suna Salbiniya, ita ma 'yar Amurka ta Kudu, ta kuɓuce daga inda ake renonta a bakin kogin Senegal. Cikin shekara guda ta rufe mashigin ruwa a Senegal da Moritaniya, ta yi barazana ga gandun tsuntsaye na Juj. Da an hana ta shiga tun farko, da takarda guda ta wadatar.

Takardun kuwa akwai su. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da aka sa wa hannu a Roma a 1951, da ta ƙasashen Afirka da aka yi a Kinshasa a 1967. Yarjejeniyar Riyo ta 1992, wadda Nijar ta amince da ita, ta ɗora wa kowace ƙasa, a ayarta ta 8, nauyin hana shigowar baƙin halittu masu ɓarna da yaƙar waɗanda suka riga suka shigo. A gida muna da doka mai lamba 98-56 ta ran 29 ga Disamba 1998 game da kula da muhalli. Hukumar kogin Isa, wato ABN, mai ƙasashe 9 da mazauni a Yamai, ta samu kundin ruwa da shugabanni suka sa wa hannu ran 30 ga Afrilu 2008. Bankin raya Afirka kuma ya ba da kuɗin wani shiri na ƙungiyar CEDEAO, da aka amince da shi a 2004, don yaƙar ciyayin ruwa a ƙasashe 8, har da tamu. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga wannan ƙungiya a Janairun 2025, abin da ya ƙara wa ABN nauyi, don ita ce ke haɗa na sama da na ƙasan kogi a zaure guda.

A ganina abin da ya fi amfani shi ne a kira kowace ciyawa da sunanta. Ƙasashen Tarayyar Turai sun yi doka a 2014, suka fitar da jerin sunaye a 2016, baƙuwar kainuwa tana ciki: ba a shigo da ita, ba a sayarwa, ba a ajiyewa ko a tukunyar gida, a dukan ƙasashen lokaci guda. Ma'aikacin da ke binciken tsirrai a bakin iyaka ya saba neman ƙwaro ko cuta a jikin shuka. In aka miƙo masa fure lafiyayye cikin bokiti, me zai kama? Sai in yana da jeri da hotuna a hannunsa, kuma takwaransa na ƙetaren gada yana da irinsu. In an hana a Gaya an bari a Malanbil, an yi aikin banza.

Maganin ma baƙo ne

Abin da ya fi karya lagonta shi ne wasu ƙananan ƙwari biyu daga ƙasarta ta asali, masu suna Newoketina. Manyan suna cin ganye, tsutsarsu tana huda kara har ruwa ya shiga ya nutsar da ita. An sake su a Sudan a ƙarshen shekarun 1970, a Benin daga 1991, a tabkin Biktoriya tsakiyar shekarun 1990, ciyawar ta ragu ƙwarai. Aikinsu yana ɗaukar shekaru, kuma ba sa ƙare ta ƙaf. Su ma ba su san iyaka ba. Shi ya sa ake gwada su tukuna, a tabbata ba sa taɓa shinkafa ko kayan lambu, kuma ya kamata maƙwabta su sani kafin a sake su. Maganin feshi kuwa yana da haɗari a ruwan da mutane da dabbobi ke sha.

Wasu ƙungiyoyi suna mai da ciyawar taki, ko su saƙa tabarmi da kwanduna da busasshen karanta. Wannan ya yi kyau a inda ta riga ta kama. Haɗarin shi ne wani ya ji labarin takin, ko matafiyi ya ga furen a Yamai, ya ɗauko 'yar kaɗan cikin leda ya kai tabkin Madarunfa, ko Tabalak, ko Gidimuni. Tabki ba ya gudu kamar kogi, abin da ya shiga ya zauna. Wanda ya ga wannan fure a ruwan garinsu ya sanar da ma'aikacin gandun daji da mai gari tun tana 'yar kaɗan. A tsamo ta da saiwarta, a shanya nesa da inda ambaliya ke kaiwa, in ta bushe a ƙone, a kuma riƙa duba wurin kowace damina saboda irin da ya kwanta cikin laka.