Sergei Eisenstein: Darakta Mai Almakashi

A shekarar 1924 wani matashin darakta a birnin Mosko ya kwashi 'yan wasansa daga zauren wasan kwaikwayo, ya kai su cikin masana'antar iskar gas, ya ce a nan za a yi wasan. Labarin ma'aikatan gas ne, don haka yake son 'yan kallo su zauna gab da injina na gaske, su shaƙi warin wurin. Abin bai yi armashi ba. Manyan tankuna da bututai suka shanye 'yan wasan, kwalliyarsu da ɗaga muryarsu suka zama abin dariya. Daga nan Sergei Eisenstein ya tattara ya koma harkar fim.

An haife shi a Riga a 1898. Aikin injiniya ya fara karanta a Petrograd, juyin juya halin Rasha ya katse karatun, ya shiga Rundunar Jan Soja. A 1920 ya samu aiki a gidan wasan ma'aikata na Proletkult yana zana dandamali da tufafin 'yan wasa, ya kuma yi ɗalibta a hannun darakta Vsevolod Meyerhold.

Abin da dandamali ya koya masa shi ne ɗan kallo ba baƙon da ake lallaɓawa ba ne, girgiza shi ake yi. A wani tsohon wasan marubuci Ostrovsky da ya sake wa kama a 1923, ɗan wasa ya yi tafiya a kan igiya, aka kuma fasa 'yan ƙananan nakiyoyin wasa a ƙarƙashin kujerun jama'a. Da ya shiga fim, zamanin da hoto ba ya magana, sai almakashi ya maye gurbin nakiya. Ya gano cewa in ka yanko hoto biyu ka haɗa su, ma'ana ta uku za ta ɓullo a zuciyar mai kallo. A dogon fim ɗinsa na farko, kan yajin aiki, ana cikin nuna sojoji suna harbe ma'aikata sai ga mahauci yana yanka sa, jini na malala. Ba a buƙatar tafinta.

Battleship Potemkin na 1925 shi ya fitar da sunansa duniya. Labarin boren matuƙan jirgin yaƙi ne a 1905, kuma da nama ya fara: tsutsotsi na yawo a jikinsa, likitan jirgi ya duba da tabarau ya ce a wanke a dafa. Sannan kisan jama'a a kan matakalar birnin Odessa. Takalman sojoji na saukowa a jere, uwa ta faɗi, keken jaririnta ya kama gangarowa shi kaɗai, matakala bayan matakala. Eisenstein ya ja waɗannan 'yan daƙiƙu har suka zama mintuna. A gaskiya ba a yi wannan kisa a kan matakalar ba, shi ya ƙirƙiro shi, amma mutane da yawa har yau tarihi suke ɗaukarsa. Nan ne nake ganin haɗarin gwanintarsa: farfaganda ce tsagwaronta, kyawunta kuma shi ya sa ake haɗiye ta ba tauna. Ingila ba ta ba fim ɗin izinin fita ba sai 1954.

Zuwan sauti bai zo masa da sa'a ba. Kamfanin Paramount ya ɗauke shi a 1930, aka rabu ba a yi fim ko ɗaya ba. Wanda ya ɗauka a Meziko bai samu damar haɗa shi da hannunsa ba. A gida kuma Stalin ya ba shi lambar yabo kan kashi na farko na fim ɗinsa Ivan the Terrible, ya haramta na biyu. Eisenstein ya rasu a 1948 yana da shekara 50, kashi na biyun bai fito ba sai 1958.