Kwalekwalen Filafili da Iska: Yadda Ake Tsara Ƙaramin Jirgi Don Tafkin Kainji

Tun kafin a gina madatsar Kainji, Gungawa da Sarkawa da sauran mazauna gaɓar kogin Kwara a ƙasar Yauri sun shahara wajen sassaƙa kwalekwale da sarrafa shi, kamar yadda bikin Rigata yake nunawa. To amma da aka kammala madatsar a 1968, sai ruwan ya sake hali. Kogi ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 136, wanda faɗinsa ya kai kilomita 24 a inda ya fi buɗewa. Kwalekwalen da aka gada kuwa na kogi ne: siriri, mai gajeren gefe, wanda ba a yi shi don manyan igiyoyin ruwa ba.

Wannan ya sa tambaya ta taso: wane irin ƙaramin jirgi ne zai ɗauki mutum uku da kayansu, masu binciken kifi ne ko ma'aikatan lafiya, su yi kwanaki suna zagaya ƙauyuka daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski, ba tare da dogaro da fetur ba? Tun da aka janye tallafin mai a 2023, tambayar ta ƙara nauyi.

Ba yau aka fara wannan tunani ba. A 1805 Mungo Park ya haɗa sassan kwalekwale biyu a Sansanding, cikin Mali ta yau, ya yi jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawonsa kimanin mita 12, ya kafa masa ƙyallen iska. Jirgin ya wuce Yauri, amma ya maƙale a duwatsun Busa a farkon 1806, inda Park ya halaka. Duwatsun nan yanzu suna ƙarƙashin tafki, sai dai darasin yana nan: jirgin da ya dace da wani ruwa ba lalle ne ya dace da wani ba.

Taura biyu

Hausawa kan ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma matsalar mai tsara wannan jirgi ke nan. Tuƙi da filafili yana son jirgi siriri mara nauyi, domin ƙarfin ɗan Adam kaɗan ne. Tafiya da iska kuwa tana son jirgi mai faɗi, saboda iska tana tura ƙyalle daga sama, tana neman kifar da jirgin. Ilimin kimiyya ya nuna cewa idan aka ninka faɗin jirgi sau biyu, juriyarsa ga karkata takan ninku wajen sau takwas. Ashe ke nan ƙarin taƙi ɗaya a faɗi ba ƙaramin abu ba ne. Jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 1.3 yana tsakanin buƙatun biyu.

Tsawo kuma shi yake ƙayyade gudu. Jirgi yana tayar da igiyar ruwa yayin da yake tafiya, kuma da wuya ya tsere mata. Jirgi mai mita 6 ba ya wuce kimanin kilomita 11 a awa cikin sauƙi, ko da iska ta yi kyau. Masu tuƙi da hannu na tsawon yini kuwa rabin haka ma ya ishe su.

Lissafin kaya

Fiye da shekaru 2,000 da suka wuce Arkimidis, masanin nan na Girka, ya gano cewa abin da yake yawo bisa ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Alal misali, a ce mutane uku kilo 200 ne, abinci da taru da kayan aiki kilo 200, jirgin kansa kilo 200. Jimla kilo 600, wato dole jirgin ya ture lita 600. Jirgi mai girman da aka ambata zai nutse kimanin santimita 15. Idan tsayin gefensa santimita 50 ne, saura 35 a saman ruwa, kuma wannan ragowar ita ce katanga tsakanin matafiya da igiyar ruwa. Duk ƙarin kilo 50 yana cin kusan santimita ɗaya daga cikinta.

Wannan lissafi ba na allo kaɗai ba ne. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara, 'yan kaɗan suka tsira. Jami'ai sun danganta haɗarin da lodin da ya wuce kima. Saboda haka ya kamata a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi. Da zarar ruwa ya taɓa layin, lodi ya ƙare.

Gindi da gefe

Ruwan tafkin yana hawa da sauka da kimanin mita 10 a shekara. Farin ruwa na daminar kusa yana zuwa wajen watan Satumba, baƙin ruwa kuma yana isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini. Idan ruwa ya ja, kututturan itatuwan da tafki ya cinye sukan matso kusa da sama, ga kuma ciyawar ruwa mai toshe mashigai. Jirgi mai dogon ƙashi a ƙarƙashinsa, irin na teku, zai yi ta maƙalewa. Abin da ya dace shi ne shimfiɗaɗɗen gindi, da gefe mai buɗewa sama don mayar da feshin ruwa, da goshi mai ɗan tsayi.

To amma irin wannan gindi yana zamewa gefe idan iska ta bugo daga haƙarƙari. Tafkin ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu, alhali iskar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma. Maganin da mutanen Holan suka daɗe da amfani da shi a ruwansu mara zurfi shi ne allon katako da ake rataya a gefen jirgi, a sauke shi cikin ruwa ya hana zamewa, a ɗaga shi idan an zo wurin da ba zurfi.

Ƙyalle da katako

Ƙarfin iska a kan ƙyalle yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninku sau biyu. Guguwar farkon damina kuwa takan taso daga gabas ba sallama. Don haka ƙyalle ya zama ƙarami, kamar murabba'in mita 5, a kan gajeriyar sandar gora wadda mutum ɗaya zai iya tugewa ya kwantar nan take. Igiyar ƙyalle a hannu ake riƙe ta, ba a ɗaure ta tamau.

Dangane da katako, maɗaci da kawo suna jure ruwa da gara, amma suna da nauyi, kuma manyansu sun yi ƙaranci. Hikima ita ce a yi gindi da haƙarƙari da su, a yi gefe da falankin da ya fi sauƙi. Bugu da ƙari, katakon da ya sha ruwa da ƙyar yake ɗaukar kansa, balle mutane. Jarka mai lita 25, idan babu komai a ciki kuma an toshe ta, tana ɗaukar kusan kilo 24. Guda takwas da aka ɗaure da kyau ƙarƙashin kujeru za su hana jirgin da ya cika da ruwa nutsewa, har mutanen da suke sanye da rigar ceto su sami abin kamawa.

Daga ƙarshe, zane a takarda ba ya zama jirgi sai ya bi ta hannun masassaƙan Yauri, waɗanda suka san halin katako da na ruwansu. Idan an gama, a loda masa buhunan yashi a bakin gaɓa, a karkata shi, a cika shi da ruwa da gangan, a ga yadda zai yi kafin a ɗora masa rai ko ɗaya.