Shin Injiniya Zai Iya Rubuta Takardar Bayanin Na'ura?

BAUCHI: A unguwar Gwallameji, kan hanyar Dass, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a 1979, tana horar da ɗaliban aikin injiniya bisa manhajar Hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna. Manhajar ta tanadi darussan Turanci da na rubuta rahoto. Sai dai rahoton da ɗalibi ke miƙa wa malami daban yake da takardar da mai injin niƙa ko famfon ban-ruwa zai buɗe ranar da na'ura ta tsaya.

Yawan sani ne ke kawo cikas. Wanda ya ƙware a kan na'ura yakan tsallake matakin da yake ganin kowa ya sani, kamar duba baƙin mai kafin a ta da inji. Tsallaken nan kaɗai ya isa ya ƙona inji, ɗan kasuwa ya yi asarar jari da kwanakin aiki. Ga kuma batun harshe: galibin takardun da Turanci suke zuwa, alhali mai aiki da injin filogi da fanbel ya sani.

Injiniya zai iya, muddin ya yarda a gwada rubutunsa. Hanyar kuwa ba ta da tsada: a miƙa takardar ga wanda bai taɓa taɓa na'urar ba, a bar shi ya bi ta ba tare da an sa masa baki ba. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne za a sake rubutawa, a ƙara zane idan da hali.