Ko Ka Sani? An Taɓa Ɗura wa Mutane Jinin Saniya

Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari kan cika da shanu tun da hantsi. Ga bunaji, ga rahaji masu dogon ƙaho, da yawa an koro su daga Nijar, tireloli na jere suna jiran lodi zuwa kudu. Mai saye yakan dubi tozo, ya shafa haƙarƙari, ya ƙiyasta nama. Jini kuwa ba ya shiga ciniki. In an kai mayanka rami yake bi, domin a wurinmu jinin yanka najasa ne. Amma a 2001 hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta amince a riƙa ɗura wa masu tiyata wani ruwa mai suna Hemopure, wanda kamfanin Biopure na Amurka ya tato daga jinin shanu.

Abin da ake ɗebowa shi ne himogulobin, sinadarin da ya sa jini ya yi ja, mai dakon iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Ana fasa jajayen ƙwayoyin jinin, a yar da ɓawon, a tace na ciki. Tunda alamar rukunin jini a jikin ɓawon take, ba sai an tambayi mutum ko shi A ne ko O ba. Ba ya kuma neman firij: yakan yi shekara uku a kan kanta, alhali jinin da mutum ya bayar iyakarsa kwana 42, a cikin sanyi. Wanda ya taɓa rako mai haihuwa da jini ya ɓalle mata daga wani ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar zuwa Gumel cikin dare, ana ta kiran 'yan uwa a waya su zo a gwada su, ya san darajar irin wannan leda.

To me ya hana ta cika asibitoci? Hawan jini, da abin da ke ƙarƙashinsa.

Fatar da ta lulluɓe cikin jijiya tana fitar da wata iska ƙwaya-ƙwaya, nitirik oksayid, wadda ke sa naman jijiyar ya saki jiki, hanya ta buɗe. A kan gano haka aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel a 1998. Shi kuma himogulobin mayen wannan iska ne. Muddin yana ƙunshe cikin ƙwayarsa, yana bin tsakiyar jijiya, kaɗan yake samu. Da an zazzage shi tsirara cikin jini sai ya manne da bango, har ya kutsa ta ƙananan kafofi, ya lashe iskar tun ba ta isa inda aka aike ta ba. Jijiya ta tsuke. Ka tuna yaro mai ban ruwa da tiyo in ya danne bakin da babban yatsa: ruwan yana feshi da ƙarfi, amma wanda ke fita ya ragu. A na'urar awo jini ya hau, kamar mara lafiya ya farfaɗo, nan kuwa zuciya da ƙoda suna samun ƙasa da rabonsu.

An ga alamar tun 1949, lokacin da William Amberson ya ba da rahoton wata mai jego da aka ɗura wa tataccen himogulobin. Jininta ya tashi, ta farko, bayan 'yan kwanaki ƙoda ta tsaya ta rasu. A 1998 kamfanin Baxter ya tsai da gwajin HemAssist, wanda shi daga jinin mutum aka yi shi, bayan da 24 cikin 52 da aka ba suka mutu, a cikin waɗanda ba a ba su ba kuma 8 cikin 46. Sai 2008 Charles Natanson da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 16 na irin wannan ruwa a kan mutum 3,711, suka ga haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, na bugun zuciya ya kusa ninka uku. Biopure ya durƙushe a shekarar da ta biyo. Dabarar da aka yi wa na shanun ita ce ɗaure ƙwayoyin himogulobin da juna su yi girma, don kada su ratsa bango. Ta rage matsalar, ba ta kashe ta ba. Karnukan Amurka ma sun riga mutane samun izini, domin tun 1998 aka amince da nasu, Oxyglobin.

A ganina abin da ya fi shafarmu a labarin nan yana cikin gidajenmu. Mai sikila, jajayen ƙwayoyinsa kan fashe tun ba su yi kwana 20 ba, maimakon 120, su zubar da himogulobin cikin jini kullum. Masana na danganta wannan satar iska da hawan jini na jijiyoyin huhu, da gyambon ƙafa mai wuyar warkewa da ake gani wajen idon sawun wasu masu ciwon. Zazzaɓin cizon sauro in ya yi tsanani shi ma fasa ƙwayoyin yake yi, har fitsarin yaro ya koma kamar baƙin shayi.