Kitsen da ke Yawo Cikin Jini

Kowa ya san mai ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa yawancinsa ruwa ne. Don haka jiki yakan ƙunshe kitse cikin 'yan ƙananan ƙunshi kafin ya shiga jini. Likitoci suna kiran su lifofurotin. A 1950 Dokta John Gofman na Amurka ya nuna cewa ƙunshin nan iri-iri ne, kuma wasu sun fi wasu haɗari.

Biyu ne suka fi shafarmu. Na farko, LDL, shi ke kai wani kitse mai suna kolestarol ga sassan jiki. In ya yi yawa sai ya maƙale a bangon jijiya, hanyar jini ta ƙuntace kamar lambatun da yashi ya cike. Ƙarshenta bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Na biyu, HDL, shi ke kwaso ragowar ya mayar wa hanta.

Wani ciwon na gado ne. Brown da Goldstein sun gano cewa hanta tana da 'yan ƙofofi masu janye LDL daga jini, kuma akwai waɗanda aka haifa ƙofofinsu ba sa aiki sosai. Wannan ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1985. Wajen mutum 1 cikin 250 yana da wannan gado, ko da siriri ne.

Maganin da ake kira sitatin kuwa, Akira Endo na Japan ne ya fara samo irinsa a 1973, daga wata fumfuna da ta fito a shinkafa. Amma kada wani ya ci hatsi mai fumfuna, gama akwai mai dafi.

A 2001 aka buga wani bincike a kan Fulani makiyaya na Filato. Suna shan nono da man shanu da yawa, duk da haka kitsen jininsu bai wuce kima ba. Masu binciken suna ganin yawan tafiya da rashin cin abinci fiye da bukata ne dalili. Wanda ya ajiye fartanya ya koma zaman shago ba daidai yake da makiyayi ba.

'Yan'uwa manoma, ciwon nan ba ya nuna alama da wuri, sai gwajin jini. Idan a gidanku an yi wanda zuciya ta kashe tun bai tsufa ba, ku je asibiti a auna ku. A rage kitsen nama, a fi amfani da man gyaɗa, a yawaita wake da ganye, a bar taba.