Mu Leƙa Birnin Malaga

Idan aka ce Sifen, yawancinmu ƙwallon Real Madrid da Barcelona ke faɗo mana a rai. To, yau bari mu leƙa Malaga, wani birni a kudancin ƙasar, a bakin tekun Bahar Rum.

Baƙo ya fara da tudun da ke tsakiyar gari. A gindinsa akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa, mai shekara kusan 2000, wanda ƙasa ta binne, ba a gano shi ba sai 1951. Samansa ga Alkasaba, fadar da sarakunan Musulmin Andalus suka gina a ƙarni na 11, mai ganuwa riɓi biyu da lambuna. Har ginshiƙan Rumawan magina suka ɗebo suka sa a ƙofofinta! Birnin ya fita daga hannun Musulmi a 1487. Wanda bai gaji ba ya haura ganuwar Jibralfaro, ya hango tashar jiragen ruwa.

A Malaga aka haifi shahararren mai zane Picasso a 1881, akwai gidan ajiye zanensa. Da yamma a gangara bakin teku a ci kifin sadin da ake sokewa a tsinke a gasa gefen wuta, kamar tsirenmu, sai dai gishiri kawai, babu ƙuli.