Abin da baƙo ya gani a ƙasarmu

'Yan'uwa, idan baƙo ya sauka daga mota a Aliero lokacin girbin albasa, mun san abin da yakan yi. Yakan tsaya yana kallon buhunan da aka jera a bakin hanya, ya ɗauki hoto, ya yi ta tambaya: ina ake kai wannan duka? Mu kuwa sai mu yi dariya, domin albasa ce kawai, wadda muka tashi muka tarar. Ido ba ya ganin abin da ya saba da shi. Shi ya sa a wannan fitowa muke so mu ba ku labarin wani baƙo da ya ratsa ƙasar Gwandu fiye da shekara 170 da suka wuce, da abin da idonsa ya kama.

Sunansa Heinrich Barth, Bajamushe ne, gwamnatin Ingila ce ta aiko shi. A tafiyarsa yana amsa sunan Abdulkarim, kuma ya iya Hausa da Larabci. Ya baro Sakkwato ya iso garin Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarki Halilu, a kan hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Gwandu ba ta da nisa da Aliero, kuma Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautarta har yau. Abin da ya gani ya rubuta shi cikin littafi mai juzu'i 5, wanda aka buga a 1857 da 1858.

To, me ya burge shi? Abin mamaki, albasa tana ciki. Mutumin da ya ƙetare Sahara daga Tarabulus, ya zauna a Kano da Kukawa, ya yaba girman albasar Gwandu da kyanta, ya kuma ambaci ayabar da ake nomawa a kwarin da ya ratsa garin. Wato tun kafin a yi kwalta, tun kafin injin ban-ruwa, kakannin mutanen wannan ƙasa sun san yadda ake yin fage, a dasa iri, a ba shi ruwa da rani har ya yi kai. Albasar da manyan motoci ke ɗauka daga Aliero zuwa Legas da Onica a yau, gadon wannan ilimi ce. Ba wani ne ya kawo mana shi daga waje ba.

Abu na biyu shi ne littattafai. A Gwandu ne wani malami ya ara masa Tarikh al-Sudan, tarihin daular Songai da birnin Tumbuktu, wanda Abdurrahman al-Sa'adi ya rubuta wajen 1655. Barth ya yi kwanaki yana kwafar sassansa, ya aika Turai. Ya ma yi kuskure wajen sunan marubucin, ya ɗauka Ahmad Baba ne. Duk da haka, ta wannan kwafi ne masanan Turai suka fara sanin tarihin sarakunan Songai dalla-dalla. Ku duba fa: littafin yana nan kusa da mu, a ɗakin malami, a lokacin da wasu a Turai ke cewa baƙar fata ba shi da tarihi.

Kada mu ɗauka yabo kawai ya yi. Ya yi ƙorafi cewa sarki bai yarda sun gana ba, kuma fadawa sun matsa masa da neman kyauta. Ya ce kasuwar Gwandu ba ta ci sosai, saboda yaƙi da Kabawa ya hana hanyoyi lafiya. Wannan maganar ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. Duk manomin da ya taɓa barin gonarsa saboda tsoro ya san cewa kasuwa ba ta cika sai hanya ta yi lafiya.

Kasuwar da ta yi suna a wancan ƙarni ita ce ta Jega. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa garin wajen 1820, a bakin gulbin Zamfara, kuma kafin ƙarshen ƙarnin ya zama matattarar fatake. Daga nan ayari kan kama hanyar Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, da tufafi da kanwa, su dawo da goro bayan watanni. Ɗan Jega da ke ganin garinsu ƙauye ne kawai a kan hanyar Birnin Kebbi, ya sani cewa akwai lokacin da sunan garin ya kai har Salaga.

Sai dai akwai baƙo, akwai baƙo. A 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu da takardun yarjejeniya a madadin kamfanin Ingila da ya zama Royal Niger Company a 1886. Shi ma ya ga arzikin ƙasa, amma da wata manufa. Kafin a cika shekara 20, a 1903, Sakkwato ta faɗa hannun Turawa. Saboda haka ba ma cewa sai baƙo ya yaba abu kafin ya zama mai daraja. Amfanin idonsa shi ne yana tuna mana abin da muka daina gani.

Me ke gabanmu yau da muka daina gani? Masu ɗori na Aliero, waɗanda ake kawo musu masu karaya daga jihohi masu nisa har da Nijar. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006, inda iyaye daga wasu wurare ke turo 'ya'yansu. Fadamun shinkafa na Jega, da gonakin gero da dawa na ƙasar Maiyama. Kuma albasar nan dai. Da girbi takan yi arha har manomi ya sayar da hasara, bayan 'yan watanni kuma ta yi tsada, amma ribar takan tafi aljihun wanda ya iya ajiya. Tsofaffinmu sun san yadda ake yin rudu, a ɗaga albasa daga ƙasa, a bar iska ta ratsa ta, a riƙa tsince ruɓaɓɓu. Samari da yawa sun tafi birni neman aiki ba su koya ba. Muna roƙon ƙungiyoyin matasa da na zumuntar mata a kowane ƙauye su zauna da waɗannan dattawa kafin girbi mai zuwa, su ga yadda ake kafa shi tun daga tushe.